Lilon Da Babu Kowa Ciki

Yammacin ranar ya soma kamar na kullum a gidan Rosli. Rana ta gangara bayan itatuwan roba, kaji suna shigewa ƙarƙashin gidan da ke tsaye a kan dirkoki, hayaƙin girki ya kwanta a kan kogi. Halijah tana kicin tana soya kifi, tana sauri ta gama kafin a kira magariba. Rosli, mijinta, yana baranda yana gyaran ragar kamun kifi. Ɗansu Ikmal, ɗan shekara ɗaya da rabi, yana barci a lilo a tsakiyar falo. Zane ne ɗaure a sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfe mai miƙewa, sifirin ɗin rataye a katakon rufi, irin wanda kowane ɗan ƙauyenmu na bakin kogi a jihar Terengganu ya yi barcin jarirantaka a ciki.

Gidana yana jikin nasu, ko tari suka yi ina ji. Shi ya sa na ji ƙarar. Tim! Kamar kwakwa ta faɗo a kan katako. Daga nan sai shiru, shiru mai tsawo, wanda duk uwa ta san ya fi kuka muni. Sannan ihu ya ɓarke.

Ko da na hau matakalarsu, Halijah ta riga ta sure yaron, jini ya wanke masa fuska ya gangaro mata har gwiwar hannu. Goshinsa ne ya daki bakin akwatin katako. Rosli yana ta salati yana neman mukullin babur a aljihun da babu shi. Can jikin bango kuma 'yarsu Maisarah tana tsaye, ta yi tsuru-tsuru. Abin da ba wanda ya kula da shi sai ni shi ne lilon. Yana ta sama da ƙasa, sama da ƙasa, da ƙarfi, kuma bai rage ba har muka fita.

Sai na faɗi wace ce Maisarah, don ba za a gane labarin ba in ba ita. Shekararta goma. Shekara takwas ta yi ita kaɗai a gidan, ita ce Adik, wato auta, ita ake goyawa a gaban babur a je sayen soyayyar ayaba. Da Ikmal ya zo, aka tuɓe mata sunan kamar riga aka sa masa, ita ta koma Along, babbar ya. Along, riƙe shi. Along, bar masa. Along, ke ba babba ba ce? Rosli ya daɗe yana roƙon ɗa namiji, da ya samu kuwa sai ya zama kamar ba a taɓa haihuwa a duniya ba. Baƙi ma idan sun zo, ta wuce ta gabansu da shayi, idonsu yana kan yaron. Na sha ganinta a bakin taga tana kallon babur yana tafiya da ƙaninta. Kishi ne ƙuru-ƙuru a fuskar yarinyar, amma wa ya duba?

A tsohuwar motar mijina muka tafi asibitin gunduma, motar da sai an tura take tashi. Sashen gaggawa cike yake da mutane da warin magani da sanyin na'ura. Wata ma'aikaciya ta ga jinin, ta karɓi yaron ba tare da an bi layi ba. Aka danne shi yana tsala ihu, aka ɗinke goshin, aka ɗauki hoton kan. Halijah ta jingina da bango, Rosli yana kai da kawowa kamar zai fasa ƙasa.

Likitar matashiya ce, ta gaji, amma ba ta yi musu faɗa ba.

"Ƙashi bai fashe ba, ku gode wa Allah," in ji ta. "Amma yaron da ya iya zama ba a sa shi a lilo. Kuma ku ji ni da kyau, kan yaro ba ya ɗaukar irin wannan faɗuwa sau biyu. Wa ke wurin sanda ya faɗo?"

Idanu suka koma kan Maisarah.

"Mak, lilon ne ya kife da kansa," ta ce wa uwarta a hankali.

"Rufe min baki," in ji Rosli. "Lilo yana da hannu ne?"

Sai da mai goge ƙasa ta yi tsaki tana bin sawun jini a kan tayil aka gane ba na Ikmal ba ne. Maisarah ta fito gida ba takalmi, ta taka ƙusa a matakala, ta yi shiru da bakinta duk tsawon hanya. Aka wanke, aka yi mata allura. Uwar ta ce, "Haba Along, yau ma sai kin ƙara mana wani?" Wallahi raina ya ɓaci, amma ba 'yata ba ce, na haɗiye.

Washegari gida ya cika da masu dubiya. Wannan ya kawo motar roba, wancan biskit, kowa sai ya ɗaga yaron ya duba ɗinkin ya ce Allah sarki. Maisarah tana ɗingishi tana kwashe kofuna.

Da magaribar ranar ne dutse na farko ya faɗo a kan rufin kwano.

An ɗauka yaran unguwa ne. Rosli ya fita yana zagi, bai ga kowa ba. Na biyu ya faɗo, na uku, sannan suka zubo kamar ruwan ƙanƙara, har liman ya yanke hira a ƙofar masallaci ya taho. Maza suka zagaye gidan da tocila, suka leƙa kan kwakwa, suka leƙa cikin gora. Babu ko kyanwa. Duwatsun kogi ne, sumul, a jiƙe, kuma in ka ɗauka da ɗumi. Ana idar da sallar isha abin ya tsaya.

Haka ya ci gaba. Da rana gida lafiya lau, da zarar inuwa ta yi tsawo, tsuntsaye suka yi shiru, sai a fara. Daga baya duwatsun suka daina tsayawa a rufi, suka riƙa faɗowa cikin falo alhali ba huji a kwanon, kuma kullum kusa da tabarmar Ikmal suke sauka. Rosli ya kwance lilon ya jefa ƙarƙashin gida. Da magariba suka same shi a rataye a wurinsa, yana sama da ƙasa, zanen ya yi nauyi ya lotsa kamar akwai yaro kwance. Kuma akwai murya, siririya, ba a san daga ina take fitowa ba, tana rera waƙar da Halijah ke yi wa 'ya'yanta: yi barci Adik, ruwa ya janye, Abah zai dawo da kifi. Abah, wato baba.

Halijah ta kwashe Ikmal ta shige ɗaki da shi, ta sa sakata. Maisarah kuwa aka bar ta a tabarmarta ta falo, don wai ɗakin ya yi kaɗan. Kai jama'a! A falon da lilon yake! Ba wanda ya furta, amma kowa ya san dalilin sakatar. Mata a bakin rijiya sun fara cewa ai yarinyar ce ta ture shi, dubi idonta. Ita kuma ta daina cin abinci, ta daina zuwa makarantar allo ta yamma, sai ta zauna ta zuba wa ƙofar ɗakin ido tana jin uwar tana yi wa ƙaninta wasa a ciki.

Ran da abin ya kai maƙura, Halijah tana kwashe shanya a tsakar gida, rana ta yi ja. Ta ɗaga kai ta hango Ikmal a bakin matakala ta can sama, gaban rigarsa ya miƙe kamar ana jan sa. Ta watsar da kayan ta hau da gudu, ta cafke shi ƙafarsa ɗaya tana iska. Da ta juya, ga Maisarah zaune cikin lilo, ƙafafunta suna jan ƙasa, tana murmushin da ba nata ba.

"Saura ƙiris," in ji wata murya daga bakinta, murya ƙarama amma tsohuwa.

A daren Rosli ya yanke magana. Zai kai Maisarah wurin yayarsa a can garin Kuantan, ta zauna can, ta yi karatu can, ta girma can.

"Ba zan binne ɗana ba, Jah," ya ce. "Su biyun nan ba za su zauna ƙarƙashin rufi ɗaya ba."

"Abang, 'yarka ce fa," in ji Halijah, da sunan da mata ke kiran miji a wurinmu.

"Shi kuma ɗan wa ne?"

Da hannunta Halijah ta ninke kayan yarinyar ta zuba a jaka. Ni ce na shiga na ce musu kafin su raba 'ya da uwarta, su kira Tok Deraman.

Tok Deraman tsoho ne siriri, ya yi karatu a tsangayoyin Kelantan sannan ya daɗe a Makka. Ba ya ɗaga murya, ba ya son surutu, kuma ba ya karɓar komai sai shayi. Ya zo bayan la'asar a kan keke, da ganyen magarya da lemun tsami a leda. Ya sa aka kawo kwanon ruwa, ya murje ganyen a ciki, ya zauna yana karatu a kai. Ya ce a rufe tagogi, a bar lilon inda yake. Aka zaunar da Maisarah a gabansa. Rosli ya rungume Ikmal a can ƙurya, ni da Halijah muka riƙe kafaɗun yarinyar.

Haske yana raguwa, karatu yana tafiya. Falon ya yi nauyi. Sai jikin Maisarah ya sandare a hannunmu, kanta ya faɗa baya, ta toshe kunnuwa.

"Ya isa, tsoho! Yana ƙona ni!"

"Assalamu alaikum," in ji Tok. "Wace ce ke?"

"Adik."

"Wannan ba sunanki ba ne."

"Shi aka ba ni. A nan, a gidan nan."

"Daga ina kika zo, kuma wa ya ba ki izinin shiga gidan mutane?"

Aljanar da ke jikinta ta yi dariya.

"Daga cikin gorar bakin kogi. Kuma ban shigo da kaina ba, kira na aka yi. Kullum da yamma idan sun ɗora wancan mai warin nonon a babur sun tafi, uwar tana kicin, ita wannan sai ta tsaya tana kaɗa lilo tana waƙa. Yi barci Adik, yi barci Adik. Na leƙo na ga ba kowa ciki. Na shiga na kwanta."

Halijah ta dafe ƙirji. Babu wanda ya tashi a ƙauyenmu bai san ba a kaɗa lilon da babu yaro ciki ba, balle da almuru. Gado ne aka shimfiɗa, duk wanda ke wucewa ya ga an yi masa tayi.

"Along!" ta ce. "Ba a gaya miki ba a yi ba?"

"Yaushe kika zauna da ita har da za ki gaya mata?" in ji muryar. "Kanta take yi wa waƙar, ni na samu. Tawa uwar tana da 'ya'ya kamar tururuwa, ko fuskata ba ta sani ba. Ba a taɓa kaɗa ni ba sai a nan. Ina cikin jin daɗina sai a ɗauko wannan ƙaton a ɗora min a ka, a yi masa waƙata, da sunana. Shi wa? Me ya fi ni da shi? Na kife shi. Kuma zan sake."

Rosli ya ƙara matse yaron. Tok ya ɗebo ruwan magarya ya watsa mata. Ta yi wata ƙara da ta sa kaji suka rikice a ƙarƙashin gida, duwatsu suka zubo a kan kwano kamar za su ɓula shi. Tok bai tsaya ba, bai kuma ƙara sauri ba, karatu kawai yake yi har ta soma haki.

"Zan fita," ta ce. "Amma ba hannu sake ba. A ba ni yaron."

"Ba ki da rabo a cikinsa."

"To a bar min wannan." Hannun Maisarah ya tashi ya dafa ƙirjinta. "Ita tana sona, ni ina sonta. Ku kuma ba ku da abin yi da ita."

Tok ya juya ya dubi iyayen.

"Ba ni take tambaya ba," ya ce.

Aka yi shiru. Ba wani dogon shiru ba ne, amma an yi shi, kuma kowa ya ji. Rosli ya sunkuyar da kai yana kallon gashin ɗansa.

"Ka gani, tsoho?" Aljanar ta kece da dariya. "Ga jakarta can a bakin ƙofa, an ma ɗaure. Da ku kai ta Kuantan, ai gorar bakin kogi ta fi kusa."

Sai Halijah ta saki kafaɗar ta kamo fuskar yarinyar da hannu biyu.

"Tawa ce," ta ce. "Ni na haife ta, ni na sha wuyarta, kwana da yini ina naƙuda. Ba ki samun ko gashin kanta. Kin ji ni? Tawa ce!"

Idanun da ke kallonta suka ƙanƙance. Wallahi kishi na gani a cikinsu, irin na yaron da aka raba alewa aka tsallake shi. Tok ya sake ɗaga kwanon, ta yi saurin kare fuska.

"Tsaya! To abu ɗaya. Ta kaɗa ni. Ita, da hannunta, da waƙar, har ƙarshe. Uwa ba ta taɓa yi min ba. Daga nan in tafi."

Tok ya daɗe yana shafa gemu.

"Ki rantse da wanda ya halicce ki ba za ki sake waiwayar gidan nan ba, ke da duk naki."

Ta rantse. Ya sa ta maimaita, ta maimaita.

Muka ɗaga Maisarah muka sa a lilo. Ta yi masa girma, sifirin ya miƙe har zanen ya kusa taɓa ƙasa, dogayen ƙafafunta suna waje. Halijah ta durƙusa ta kama bakin zanen. Da farko waƙar ta ƙi fita, sai kuka. Sannan ta fito. Yi barci Adik, ruwa ya janye, Abah zai dawo da kifi. Duwatsu suka rage, suka koma ɗaya-ɗaya, suka tsaya. A can masallaci ladan ya soma kiran magariba. Babban yatsan ƙafar yarinyar ya yi rawa, ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Daga bakin kogi muka ji gora ta yi kaf-kaf kamar wani ya kutsa ciki, alhali ko ganye ba ya motsi.

"Ta fita," in ji Tok a hankali. "Alhamdu lillahi."

Halijah ba ta daina kaɗawa ba. Idon Maisarah a rufe yake, amma hawaye suna gangarowa cikin kunnenta, kowa ya san ta farka. Ikmal kuwa da ya ga uwarsa tana yi wa wata waƙarsa, a lilonsa, sai ya banƙare a hannun uban yana miƙo hannu.

"Mak! Mak! Nawa!"

Hannun Halijah ya ɗan tsaya.

"Mak," in ji Maisarah, da muryarta ta gaskiya, idonta a rufe. "Ranar nan. Na ga sanda zanen ya fara karkacewa. Ina tsaye kusa. Da na miƙa hannu da na tare shi."

Ba wanda ya yi numfashi.

"Ban miƙa ba, Mak."

Na dubi Rosli, fuskarsa ta yi fari. Na dubi Tok, ya sunkuya yana tattara ganyensa, don wannan ba aikin ruwan magarya ba ne. Halijah ta daɗe tana kallon 'yarta. Sannan, ba tare da ta waiwaya ba, ta ce:

"Abang, sauka da shi tsakar gida."

"Jah, kin ji abin da ta ce kuwa?"

"Na ji. Sauka da shi."

Ya sauka. Ikmal ya yi ta tsala ihu a ƙasa yana kiran uwarsa har muryarsa ta dushe. Tun da aka haife shi bai taɓa kuka ta ƙi zuwa ba sai ranar. Ta ɗora waƙar daga inda ta tsaya.

Dutse bai sake faɗowa a gidan ba. Rosli ya ƙone zanen, ya jefa sifirin a kogi, kuma ba a kai Maisarah Kuantan ba. Halijah ta riƙe 'yarta, ta koma yi mata kitso da kanta, tana sa ta a gefenta idan za a ci abinci. Sai dai har Ikmal ya isa shiga makaranta ba ta ƙara barin su su biyu a ɗaki ba. Tana wanki za ta taso, tana sallah za ta gajarta. Ba ta taɓa faɗin dalili ba, yarinyar ma ba ta taɓa tambaya ba. Amma duk sanda uwar ta leƙo, kafin ta buɗe baki, Maisarah ta riga ta matsa nesa da ƙaninta, ta ɗaga tafukan hannunta tana nuna mata.